Tambaya kan linkin aksil: huɗu ko ukku da Panhard? (motar rimot da Hilux)

Dan_Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lahiya, ya zahi. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ina da motar rimot ta hawan duwatsu, irin 1/10 ɗin nan, wato kashi ɗaya cikin goma na girman ta gaske, tokumbo na saye ta kuma ƙirarta awa ta Axial SCX10 II, tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 313. Linkin da sunka zo da ita na roba ne, wato sandunan nan da ka riƙe aksil (ƙarhen da tayoyi ke maƙale gare shi) da shasi (ƙashin jikin mota), na manta ta cikin but kwana biyu cikin watan Afrilu zahin Sakkwato ya lanƙwasa su duka. Sai na sayo doguwar kusa mai zare M4 (kaurin milimita 4) na yanka na zura cikin bututun alminiyam na yi sababbi da hannuna. Wurin haɗawa na ga gaba linki ukku ne da wata sanda kwance ta gicciye, baya kuma huɗu, sai na ce bari in cire ta gicciyen in maida gaba huɗu ita ma tunda bayan ta fi lanƙwasuwa.

To yanzu matsala biyu. In tayar gaba guda ta hau dutse sai sitiyari ya karkata da kanshi ban taɓa rimot ba. Na biyu, ranar Assabar mun tahi wani tsohon ramin marmara wajen Kwannawa, in ta kama hawa sai gindinta ya riƙa tsalle tana tona ƙasa, daga nan ta kihe ta baya. Mi na ɓata?

Sannan yayana na da tsohuwar Hilux mai sifirin na falle-falle gaba da baya da yake shiga gona da ita wajen Wurno, ya ga bidiyon Amurkawa na hawan duwatsu shina son a cire na baya a sa mashi linki huɗu da koyil, wato sifirin mai naɗi. Zai yiwu nan garin?

Injiniya_Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sandar da ka cire ita ce Panhard, sunan wani kamfanin motoci ne na Faransa, kuma ba kwalliya ba ce. Duba inda sarbon sitiyarinka yake, wato ɗan injin da ka juya tayoyin gaba, ga irin wagga mota bisa shasi aka ɗaura shi ba bisa aksil ba. Ke nan sandar da ta taso daga sarbo zuwa taya, in aksil ya yi sama ko ƙasa ba miƙe take tahiya ba, baka take zanawa awa hannun agogo. Panhard ita ma baka take zanawa, to in su biyun tsawonsu ɗaya kuma sun kwanta ga layi ɗaya, aksil zai riƙa gocewa gefe daidai da yadda sandar sitiyari ke gocewa, taya ba ta san an yi komai ba. Kai kuma da ka sa huɗu masu siffar V ka tilasta aksil ya tashi sama sak, sandar sitiyari na nan tana bakanta, bambancin nan shi ke jan tayarka.

Hanya biyu gare ka. Ko ka maida Panhard ka cire linkin sama guda, ka aza waya ka ɗauki hoto daga gaba ka tabbata ita da sandar sitiyari sun yi kwance ɗaya. Ko ka bar huɗun ka sauko da sarbo bisa aksil, shi ke nan babu abin da zai ja. Ni na hi son na biyun in hawa kawai ake so, amma mota ba ta kama da ta gaske. Kada dai ka haɗa huɗu masu V da Panhard lokaci guda, za su riƙa gardama da juna aksil ya cije.

Manyan motoci ma haka suke. Akwatin sitiyarinsu ga shasi yake shi ya sa in ka leƙa ƙarƙashin Land Cruiser 80 za ka ga Panhard gaba, Jeep Wrangler TJ da ta koma koyil a 1997 ita ma haka. Masu gina motar tsere irin ta King of the Hammers can Kalifoniya da yawa in sun sa huɗu gaba sai su koma sitiyarin haidirolik zalla, silinda bisa aksil, wanda dabara ɗaya ce da sauko da sarbo.

MaiRimot_Gwiwa:

Injiniya ya gama da gaba, bari in taɓa tsallen baya don ni ma ta ci min wata guda kafin in gane. Abin da Turawa ka ce ma anti-sukwat ne, wato yadda linki ke hana gindin mota zama in an taka wuta. In ya yi yawa gindi tashi yake, ya danna taya, taya ta kama ta saki ta kama ta saki, tsallen ke nan. In ya yi kaɗan kuma gindi ya zauna gaba ta yi sakayau.

Ga yadda nike aunawa, ba kwamfuta ba komai. Ka aje motar bisa tebur da batir ciki, ka kalle ta daga gefe. Ka ja zare bisa linkin sama na baya ka miƙe shi gaba, ka ja wani bisa na ƙasa, wuri guda za su haɗu. In sun haɗu nan kusa tun ba su kai tsakiyar mota ba to ya yi yawa. Ka ɗaga kan linkin sama wajen shasi rami ɗaya, mahaɗar za ta matsa gaba tsallen ya ragu. Rami ɗaya fa, ka gwada ga hawan da ta kihe, sannan ka ƙara. Kar ka canza abu ukku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Sai tazara tsakanin na sama da na ƙasa wajen aksil, abin da aka saba shi ne kamar kashi 25 cikin 100 na tsayin taya. Tayarmu ta rim inci 1.9 mai tsayin milimita 120, wajen milimita 30 ke nan. Mai taya inci 35 ga babbar mota wajen inci 9. Na sama kuma su ɗan gaza na ƙasa tsawo, in sun gajarce da yawa hancin aksil zai riƙa sunkuyawa furofela ta riƙa cijewa, na taɓa karya guda biyu haka. In ka kalle ta daga sama kuma V ɗin ya buɗe kamar digiri 40 in an haɗa, in bai kai ba aksil zai riƙa rawa hagu da dama ko da kusoshi sun ɗauru tam.

Kihewar kuma ba duka laihin linki ba ne, bututun alminiyam ba shi da nauyi, ka matso da batir gaba ka rage tsayin mota, in ka samu tagulla ka sa ga tayoyin gaba.

Baba_Bakanike:

Ɗana, batun motar wasa na bar ma yara sun hi ni sani. Batun Hilux nika magana, shekara talatin ina ƙarƙashin mota. Ka gaya ma yayanka in gona zai ci gaba da zuwa ya bar sifirinshi. Falle-fallen nan aiki ukku yake shi kaɗai, ya ɗauki kaya, ya riƙe aksil kar ya yi gaba ko baya, ya hana shi gocewa gefe. Ranar da ka cire shi sai ka nemo ma kowane aiki mai yin shi, ga mazaunin koyil, ga shokozoba mai tsawo, ga tiyon birki da za a ƙara, ga tankin mai da salansa sun tare inda linkin sama za su bi. Kuma in ya aza buhun albasa goma sha biyar koyil mai taushi zama zai yi.

An taɓa kawo min wata da anka yi ma wanga aiki wani gareji, da bututun ruwa sunka yi linkin, kunnuwan da linkin ka kamawa kuma ƙarhen ƙofa anka yanka anka ɗiga ma walda. Kunnen sama ya yage daga aksil, aksil ya mirgina furofela ta hita ta daki ƙasa, Allah ya sa ba gudu yake ba kuma cikin rairayi ne. Na riƙe kunnen nan ga hannuna, waldar ko cikin ƙarhen ba ta shiga ba. Masu yin abin can waje bututu marar ɗinki suke sawa mai faɗin inci 2 kaurin bango kwatan inci. In zai samo irin shi da mai walda na ƙwarai kuma motar ta wasa ce kawai to bismillah, ni ma in zo in gani. In ba haka ba ya canza bushin, ya wanke tsakanin fallayen ya sa giris, ya rage iskar taya in zai shiga hanyar fadama, zai ga bambanci.

Dan_Mabera:

Na gode ƙwarai Allah shi saka da alheri. Baba na karanta ma yaya, ya ce zai fara da bushin ɗin. Injiniya na maida Panhard jiya da dare, da fari kan ta na shasi ya sauka ƙasa da na sandar sitiyari sai na sa washa biyu na ɗaga, yanzu in na danna gaba da hannu taya ba ta motsi sai ɗan kaɗan can ƙarshe. Na ja zaren kuma, ashe tun ƙarƙashin giyabos sunka haɗu. Na ɗaga rami ɗaya, tazarar wajen aksil milimita 24 na samu ba 30 ba, in ƙara ta ko in bari sai na gwada?

MaiRimot_Gwiwa:

Bar ta tukun, in ka ɗaga na aksil yanzu ka maido anti-sukwat ɗin da ka rage. Assabar bayan la'asar in Allah ya kai mu ka zo Kwannawa da batir biyu da sukundireba, zan zo da tawa mu sa su ga hawa ɗaya.