Wace kwamfuta mai araha za ta iya tuƙa ɗan injin tur ɗina?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramin injin tur, wato mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi da wuƙa, da na gada wajen kawuna, yana nan a zauren gidanmu a Zango. Aikin gwamnati nake yi, tur ɗin kuwa abin sha'awata ne bayan la'asar: bushi na tagulla, ƴan sanduna na injin niƙa, wani lokaci bulon babur idan maƙwabci ya rasa shi a kasuwa. Wata takwas ke nan ina ƙoƙarin mayar da shi mai aiki da kwamfuta, wato CNC. Na ɗaura masa motar lantarki biyu masu tafiya taki-taki, NEMA 23, ɗaya a X (shigar wuƙa cikin ƙarfe) ɗaya a Z (tafiyarta a tsawonsa), kowace da direba DM542, wato akwatin da ke karɓar umarnin kwamfuta ya juya motar, kuma duk suna motsi idan na gwada su.

Inda na maƙale shi ne kwamfutar. Laftof ɗina ba ta da kafar firinta mai rami 25, sai na sayi wayar da ke mayar da USB zuwa wannan kafa. Kwana uku ina fama, motocin ko gezau. Abin da ya rage a hannuna jika 70 ne. Na ji ana zancen ƴan ƙananan kwamfutocin nan, Arduino da Raspberry Pi, da kuma tsohuwar kwamfutar tebur. Babban burina in riƙa yanka zaren bulo da noti da kaina, don shi ne ke cinye min lokaci da hannu. Wanne zan saya?

Malam Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wayar nan ajiye ta, firinta kaɗai take yi wa aiki. USB yana tara saƙo ne ya aika dunƙule-dunƙule, motarka kuwa bugun lantarki take so ɗaya bayan ɗaya, kowane a kan lokacinsa. Laftof ma ko tana da kafar ban ba ka shawara ba, domin dabarunta na tattalin batir kan sa ta ɗan dakata, kuma dakatawar da ido ba ya gani ta isa ta bar zane a jikin ƙarfe.

Tunda ka ambaci zare, Arduino Uno mai manhajar GRBL ya fita daga lissafi. Yana da araha, yana tuƙa mota da kyau, amma GRBL na asali bai san G33 da G76, umarnin yankan zare, ba, ba ya bin juyin sandar injin. Yankan zare kuwa dole wuƙa ta san inda aikin yake a kowane juyi, ta koma cikin ramin da ta fara sau shida ko goma ba tare da ta kauce ba.

Ni abin da nake amfani da shi shekara huɗu yanzu tsohuwar Dell OptiPlex 780 ce, irin wadda ofisoshi suka yar, da manhajar tuƙa injin LinuxCNC a ciki. Manhajar kyauta ce, kuma kwamfutar tana da kafar firinta a bayanta tun daga masana'anta. Kada ka damu da ƙarfinta. Abin dubawa shi ne ko tana cika alkawarin lokaci. Ka zuba LinuxCNC a kilen USB, ka je wajen mai sayarwa, ka tayar da kwamfutar daga kilen, ka buɗe gwajin da ake kira latency-test. Ka bar shi yana gudu, kana buɗe shafuka, kana jan tagogi, kana wahalar da ita. Lambar da za ta fito jinkirin kwamfutar ne, a ma'aunin nanosakan. Ƙasa da 20,000 ka samu ta ƙwarai. Tsakanin 30,000 da 50,000 za ta yi aiki, sai dai gudun zai ragu. Ta kai 100,000, mayar masa da kayansa.

Ga lissafin da zai kwantar maka da hankali. Motarka taki 200 take yi a juyi guda. Ka sa direba ya raba kowane taki kashi 8, ya zama 1,600. Idan sandar da ke jan wuƙa tana tafiyar milimita 2 a juyi, bugu 800 ke nan a kowace milimita. Gudun milimita 1,000 a minti zai nemi bugu wajen 13,300 a sakan. Tsohuwar kwamfuta mai kyakkyawan gwaji tana ba da wannan ba tare da ta yi gumi ba.

Na gwada guda uku a shago ɗaya kafin in ɗauki tawa. Biyu iri ɗaya ne sak, amma lambarsu ta bambanta nesa ba kusa ba. Mai shagon har ya fara gajiya da ni, sai da na saya masa shayi.

Injiniya Birni:

Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da ya tsallake, wato wuta. A watan Afrilu da Mayu nan Damagaram kowa ya san yadda ake ɗauke ta. Ni an taɓa ɗauke min ina tsakiyar yanka zare a sandar famfo, wuƙa ta tsaya cikin ƙarfe, bakinta ya karye, aikin awa biyu ya tafi. Shi ya sa na koma Raspberry Pi 4. Volt 5 yake ci, ƙaramin batir na sola ya riƙe shi yini guda. Sai dai shi kaɗai ba ya isa, na haɗa shi da katin Mesa 7i96 ta wayar Ethernet. Katin ne ke ƙirga bugun, don haka jinkirin kwamfuta ya daina zama abin tsoro. Matsalarsa kuɗi: daga waje ake yo odarsa, kuma shi da Pi da allo sun haura jika 70 ɗinka.

Malam Mai Rediyo:

Injiniya, ai ko kwamfuta ta rayu, babbar motar injin ta mutu idan wuta ta tafi. Amma na yarda da kai rabi: idan kwamfuta da direbobi suna kan batir, injin bai manta inda yake ba, sai ka janye wuƙa ka jira. Ƙaramin inbata da batir ɗaya sun isa hakan. Katin Mesa kuma yana aiki da Dell ɗin ma, ranar da ya samu hali sai ya ƙara, ba sai ya sake koyon wata manhaja ba.

Ɗan Zango, ka ware wani abu daga kuɗin don inkoda, ita ce idon da ke gaya wa kwamfuta juyin sanda. Tawa da hannu na yi ta: faifan alminiyom mai tsaga 60, da tsaga ɗaya mai zurfi ta alamar juyi, da ƴan idanun haske da na ciro daga matacciyar firinta. Kada tsagar ta yi yawa, kafar firinta ba za ta iya ƙirga su ba idan sanda ta ɗau gudu.

Hajiya Mai Saiba:

Ɗana, ni ban san tur ba, amma shekara 11 ina riƙe da kwamfutocin tebur a shagona kusa da Kasuwar Dole. Kafin ka biya, sa a buɗe maka murfin. Dubi ƴan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon ciki, idan kan ɗaya ya kumbura ko ya yi tsatsa, bar ta. Canza ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, in ba haka ba duk safiya za ta manta saitinta. Lokacin hunturu ƙura ke kashe kwamfutoci, kai kuma ga garin ƙarfe a zaurenka, wanda ya fi ƙura haɗari tunda wuta na bin sa. Ɗora ta a kan kanta sama da injin, ka rufe ta da akwatin katako mai taga, ka manna soso a tagar, duk Juma'a ka hure ta.

Ɗan Zango:

Allah ya saka da alheri, Malam, Injiniya, Hajiya. Jiya na je da kile shaguna biyu. Kwamfutar farko lambar gwajinta ta kai 140,000, na bar ta. Ta biyu OptiPlex 760 ce, na bar gwajin minti 40 ina wahalar da ita, ta tsaya a 18,000 da ɗoriya, gwangwanayenta kuma lafiya lau. Jika 45 na biya har da allo. Da daddare na haɗa ta, na rubuta G0 Z-10, umarnin tafiyar milimita 10, keken wuƙa ya tafi santimita ɗaya cif, na auna da kalifa sau uku. Yarana suka fito suna kallo.

Malam, ranar Asabar zan zo da faifan alminiyom in ga yadda ka yanka naka. Tsaga 60 ɗin da zarto ka yi su, ko huda ka yi da dirila?