Neman shawara: in sayi kan tirela in shiga jigilar yashin rijiyoyin mai a Texas?

Baƙon Dallas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina tuƙa tirelar wani kamfani daga Dallas, lasisina na CDL, wato na tuƙa manyan motoci, ba tabo ko ɗaya. Na tara dala 40,000, rabi gumina, rabi adashin da na kwasa. Wani abokina da ke Odessa, a yankin rijiyoyin mai na yammacin Texas, ya hana ni sakat, wai in sayi kan mota na hannu in zo mu riƙa kai yashi rijiyoyin mai. Ya ce tafiyar ba nisa, kuma lodi ba ya yankewa dare da rana. Uwargida ta ce ba ta amince ba sai na ji daga bakin waɗanda suka taɓa yi. Don Allah a ba ni shawara tsakani da Allah.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa uwargida albarka. Na yi wannan aikin daga 2018 zuwa 2020, lokacin da wuraren haƙar yashi na Kermit da Monahans suke sababbi. Kafin su, daga jihar Wisconsin ake kawo mafi yawan yashin a jirgin ƙasa.

Abokinka bai yi ƙarya ba kan yawan lodi. Ruwa da yashi ake turawa da ƙarfi har dutsen ƙasa ya tsage, sai yashin ya tokare tsagar kada ta rufe, mai ya samu hanyar fitowa. Rijiya guda ta cinye tan 10,000 ba abin mamaki ba ne, ga shi doka ta tsayar da nauyin mota da kayanta a fam 80,000, wato yashin da za ka ɗauka bai wuce tan 23 zuwa 25 ba. Yi lissafi da kanka, sawu 400 ke nan.

Abin da bai faɗa maka ba shi ne zama. Wani dare cikin Janairu na isa bakin rijiya ƙarfe goma, na tarar da motoci a jere, injin tura yashi ya lalace. Iska na kaɗa motar kamar za ta kife, ba banɗaki, ba mai shayi, ina ƙona mai don kada sanyi ya kashe ni. Sai bayan na yi asuba a gefen taya da taimama aka kira ni in sauke. Sawu ɗaya aka biya ni, domin da sawu ake biya. Kuma awa 14 ɗin nan da doka ta ba ka a rana ba ta tsayawa don kana layi. Duk wanda zai ba ka aiki, tambaye shi kuɗin jira: daga awa nawa ake fara ƙirgawa, nawa ne, kuma ya rubuta a takarda. In ya ce "za mu daidaita", tashi ka ba shi wuri.

A Afrilun 2020 farashin ɗanyen mai ya faɗi har ƙasa da sifili. Aiki ya tsaya cak, bashin mota kuwa bai tsaya ba. Da asara na sayar da tawa.

Hajiya Mai Lissafi: Malam, ni ke riƙe wa maigidana littafin motoci biyu, don haka ta ɓangaren kuɗi zan yi magana. Rajistar lambar MC, wato izinin yin jigilar kaya da sunanka, dala 300 ce kawai, shi ya sa mutane ke ganin abin da sauƙi. Inshora ce ke karya sabon shiga. Doka ta ce mafi ƙaranci mai biyan diyyar dala 750,000, amma masu ba da aikin mai miliyan ɗaya suke nema ko fiye, kuma mai sabuwar lamba tsada ake yanka masa. Ga harajin manyan motoci dala 550 a shekara, ga na jihar New Mexico da ake biya bisa nauyi da nisan tafiya in kana tsallakawa can.

Babbar matsalar ita ce, yau ka sha mai da kuɗinka, su kuma sai bayan kwana 30, wani lokaci 60, za su biya. Akwai kamfanonin da ke sayen takardar bashin su ba ka kuɗi nan take su cire kasonsu. Mu dai maigida ya ƙi, ya ce yana jin ƙamshin riba a ciki, haka ma bashin mota mai kuɗin ruwa. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi tun yanzu, kafin matsi ya yanke maka hukunci. In ka zuba 40,000 ɗin nan duka a kan mota, da me za ka sha mai wata biyu?

Ɗan Maraɗi: Baba Tsohon Direba, a yi mini afuwa, kun ɗan tsorata shi da yawa. Ina nan yanzu haka kuma ina samu, alhamdu lillahi. Sai dai aikin ya canza. A zamaninku tanki ne ya fi yawa, irin na siminti da muka sani a gida, wanda ake hura yashin da iska ta cikin tiyo. Yanzu akwai masu akwati, a ɗora maka cikakke a sauke da injin ɗaga kaya, akwai kuma bodi mai zubarwa ta ƙasa. Kowane kamfani da irin nasa. Ka sayi tanki ka zo ka tarar akwati ake yi, ka sayi kwantai.

Sannan kamfanin Atlas ya shimfiɗa bel mai tsawon mil 42 daga Kermit zuwa cikin New Mexico, suna ce masa Dune Express. Yashin da a da tirela ke ɗauka tun daga rami, yanzu bel ke kai shi kusa. Duk mai sayen mota ya sa wannan a lissafi.

Hanya kuwa, titin 285 tsakanin Pecos da Carlsbad ba banza ake kiransa hanyar mutuwa ba. In ka sauka kwalta sai burji mai ramuka, taya da sifirin su ke biyan kuɗin. Ƙurar yashin ma ba irin ta hunturu ba ce, tana zama a huhu ta yi tabon da ba ya warkewa. Takunkumi na gaske, ba ƙyalle ba.

Ni shawarata, ɗan uwa: bar kuɗinka a banki, zo ka tuƙa motar kamfani wata shida. Za ka san wa ke biyan kuɗin jira, wa ke riƙe haƙƙin mutane. In ka sayi taka, ka fara shiga ƙarƙashin lambar wani kamfani da inshorarsa, su cire kasonsu.

Tsohon Direba: Ban ƙi ta taka ba, yaro. Da na samu mai gaya mini haka a 2018, da ban yi asara ba.

Bakanike: In lokacin saye ya yi, kada ka duba mil kaɗai, duba awannin da injin ya yi yana aiki. Motar filin mai a tsaye take tsufa.

Baƙon Dallas: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida, ta ce Hajiya ta gama magana. Ɗan Maraɗi, zan neme ka ta akwatin saƙo. Tambaya ɗaya ta rage: a wata shidan nan, a mota kuke kwana ko kuna haɗa kuɗi ku kama ɗaki a Odessa? Kuma ina kuke zuwa Juma'a?