Gelatin ɗin da ba tambarin halal, in yi aiki da shi ko in bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina sana'ar kek da jeli na biki, an sayo min gelatin a kasuwa na juya ledar gaba da baya ba tambarin halal, lambar NAFDAC ce kawai sai E441 (lambar gelatin a kayan abinci), mai shagon yace tunda hukuma ta sa hannu ai shikenan. Ni dai raina bai kwanta ba, ga oda ta ranar Asabar.

Anty Bilki: Wa alaikumussalam. Mai shago dai so yake ya sayar. Lambar NAFDAC lafiyar abu take nufi, cewa ba zai cutar da mutum ba, bata ce miki an yanka dabbar da bismillah ba, kai bata ma ce wace dabba bace.

Abu Sadik: Hajiya gelatin daga fata da ƙashin dabba ake dafo shi, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a Turai fatar alade ce saboda tafi arha da saurin sarrafawa. E441 ɗin bata faɗin asali. Ko an rubuta na shanu ne ma da saura, don masu bada shaida irin JAKIM ta Malesiya ko BPJPH ta Indonesiya sai sun bi tun daga mahauta, waye ya yanka, yaya aka yanka, injin da aka yi aikin ya taɓa kayan alade ko a'a, har motar da ta ɗauko, abin da tambarin yake nufi kenan. Shi yasa alawar Haribo da ake yi a Turkiyya take da tambarin, ta Jamus kuwa mafi yawa da na alade ne, kamfani ɗaya fa.

Ummu Hanif: To amma ba ance idan abu ya rikiɗe ya zama wani abu daban ya halatta ba? kamar giya ta koma khal, wato vinegar

Malam Sani: Eh istihala kenan, kuma akwai saɓani. Wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya tafi a kan gelatin ya rikiɗe don haka ya halatta, ita kuwa majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi mai mazauni a Jidda tace kada a sa na alade a abinci tunda akwai madadi. Masu bada shaidar halal wannan na biyun suke bi. Ke kuma Hajiya mutane zaki ciyar, sun yarda da ke ne basu san me ke ciki ba, ni dai da nine zan ajiye.

Anty Bilki: Ki nemi agar-agar, daga ciyawar teku ake yinsa, shagunan kayan kek suna da shi. Sai dai sai kin tafasa shi sosai, kuma kaɗan ake sawa don yafi gelatin ƙarfi, in kin cika jelin zai yi tauri yana karyewa. Daɗinsa baya narkewa a zafin nan namu ko an ɗauke wuta.

Maman Ilham: Nagode Allah ya saka da alheri. Anty cokali nawa zan sa a kofi biyu na ruwa?

Anty Bilki: In gari ne ƙaramin cokali ɗaya a kowane kofi, amma ki gwada kaɗan yau kafin Asabar ɗin.