Hanyar Jirgin Kaya a Ƙasar Duwatsu: Abin da Aka Tattauna a Gusau

Hirar ta taso ne a majalisar 'yan kasuwar hatsi a Gusau, kan yiwuwar farfaɗo da layin dogon da ya taso daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929. Daga nan magana ta zarce zuwa yadda ake ratsa duwatsu da jirgin kaya.

Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya fi kowa riƙe zancen. A cewarsa, kada a ruɗu da gajartar hanya. A duba tsananin hawa. Wuri ɗaya mai tsauri shi ke yanke yawan taragon da kan jirgi zai ja a duk tafiyar. Sai dai a rage kaya, ko a ƙara kai na biyu ya tura daga baya, kuma duka biyun kuɗi ne. Na yarda da shi.

Ya kawo misalin Suwizalan: sun huda dutsen Gotthard daga ƙasa, ramin kilomita 57, aka buɗe a 2016, don jiragen kaya su daina hawa sama.

Wani ya ce: "Baba, mu dutsen Kwatarkwashi kawai gare mu, shi ma zagaye shi ake yi." Aka yi dariya.

Shawarar da ta fi shafarmu: layi ɗaya ne gare mu, saboda haka a tsawaita wuraren da jirage biyu ke kauce wa juna, tun kafin a yi mafarkin layi na biyu.