Me za mu kira "country house" da Hausa?

Jama'a, masu fassara labaran Birtaniya suna yawan cin karo da wannan kalma, kuma sau tari sai ka ji an ce "gidan ƙauye". Wannan kam bai yi ba. Bahaushe in ya ji gidan ƙauye, danga yake gani da rumbu da turken awaki. Su kuwa mutanen Ingila suna nufin makeken gini mai ɗakuna barkatai a tsakiyar ɗaruruwan eka, na wani babban mutum da galibi yana da wani gidan a Landan.

Mutane sun kawo kalmomi daban-daban da za su maye gurbinta. Shawarata ita ce mu ɗauki gida guda mu bi tarihinsa. Duk kalmar da ta iya bin gidan daga hannu zuwa hannu ba ta faɗi a hanya ba, ita ce tamu. Na zaɓi Cliveden, wanda ke kan tudu a bakin kogin Thames, a yankin Buckinghamshire.

A 1666 Duke na Buckingham na biyu, George Villiers, ya fara ginin (Duke da Earl da Viscount duk sarautu ne a Birtaniya). Bayan shekara talatin gidan ya koma hannun George Hamilton, Earl na Orkney. Daga 1737 zuwa rasuwarsa a 1751, Yarima Frederick mai jiran gadon sarautar Birtaniya ya zauna a ciki, amma haya yake biya.

Wani malaminmu ya kawo "fadar karkara". Allah ya gafarta malam, kalmar tana da daɗin faɗi, sai dai fada wurin zaman sarki ne da fadawansa, inda ake kai gaisuwa a yanke hukunci. Ba a taɓa mulkin Ingila daga Cliveden ba, kuma ɗan sarkin da ya fi daɗewa a ciki ɗan haya ne.

"Gidan gado" fa? Ita ce ta fi saurin faɗuwa. Gobara ta cinye gidan a 1795, ya yi shekaru kango, har Sir George Warrender ya saya a 1824 ya sake ginawa. A 1849 Duke na Sutherland ya saya, shekarar ba ta ƙare ba wuta ta sake tashi. Ana ba da labarin cewa Sarauniya Victoria ta hango hayaƙin daga fadarta ta Windsor ta aika da masu kashe gobara. Ginin da ke tsaye yau na uku ne, na 1851, aikin Charles Barry, mutumin da ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya. Bayan rasuwar matar Sutherland a 1868 mijin 'yarta ya saya, wanda daga baya ya zama Duke na Westminster. Shi kuma a 1893 ya sayar wa attajirin Amurka William Waldorf Astor. Ku ƙirga cinikin da aka yi, sannan ku gaya mini ina gadon yake.

Wata Hajiya ta kawo "gidan shaƙatawa", kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don ana zuwa hutun ƙarshen mako. Amma hutun manya ba irin namu ba ne. Astor ya ba ɗansa Waldorf gidan kyautar aure a 1906, lokacin da ya auri Nancy, wadda a 1919 ta zama mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilai ta Birtaniya. A zamaninta ministoci da masu jaridu ne ke cika teburin cin abinci, ana ƙulla siyasa ana kwancewa. A yaƙin duniya na ɗaya har asibitin sojoji ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Kanada ta kafa a filin gidan. Kuma a bakin wurin ninƙayan gidan ne ministan yaƙi John Profumo ya haɗu da wata budurwa, Christine Keeler, a 1961, abin da ya kai shi ga yi wa majalisa ƙarya kan alaƙarsu, ya sauka daga muƙami a 1963. Bayan haka, in ka ce gidan shaƙatawa, mai sauraro zai zaci otal ko lambun shan iska.

"Gidan gona" ta matso kusa, sai dai yau wurin kaji da shanu take nufi.

Abin da bai canza ba duk tsawon wannan tarihi shi ne gida da ƙasar da ke kewaye da shi, dazuzzukanta da lambunanta da ma'aikatanta. Muna da kalmar wannan: gandu. Sarakunan Kano suna da gidaje da gandaye a wajen ganuwa, irin na Fanisau da Dorayi da Nasarawa, inda sarki kan fita ya kwana biyu ya dawo birni. Matsalar ita ce "gidan gandu" kawai ta riga ta zama sunan babban gida mai iyalai da yawa a tukunya ɗaya. Don haka nake ƙara kalma guda: gidan gandun sarauta.

Na san za a ce Astor ɗan kasuwa ne. Haka ne, amma ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1899, kuma a 1917 ya zama Viscount. Kuɗin ne ya bi sarautar har ya kamo ta.

Za a kuma ce yanzu ba basarake a ciki. Iyalan Astor sun miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, a 1942, da sharaɗin za su ci gaba da zama, suka tashi bayan rasuwar Viscount na uku a 1966. Jami'ar Stanford ta Amurka ta koyar da ɗalibanta a ciki, sannan a tsakiyar shekarun 1980 aka ba da shi haya ya zama otal. Wannan bai dame ni ba. Gidan Makama na Kano gidan tarihi ne yau, ba wanda ya cire masa Makama.

Ga yadda za ta zauna a labari: "Meghan Markle ta kwana a Cliveden, wani tsohon gidan gandun sarauta da aka mayar otal, a jajibirin aurenta da Yarima Harry a 2018." Jam'i kuma gidajen gandun sarauta. Masu karanta labarai a rediyo, ku gwada ta a baki ku gaya mana ko tana sarƙe harshe.