Dodon roba da na kwamfuta, wanne ya fi kama da gaske?

Sadiqu_Fagge:
Salam jama'a. Dan Allah masana harkar fim ina da tambaya. Me ya sa in na kalli tsohon Jurassic Park na 1993 sai in ga dodon nan kamar da gaske yana tsaye a wajen, har gabana ya faɗi duk da na san yadda za a ƙare, amma sababbin nan da aka narka musu kuɗi ninkin ba ninkin sai in ji kamar gem ɗin waya nake kallo? Wani abokina ya ce wai na da ɗin ba kwamfuta ba ce, ƙera shi aka yi da ƙarfe da roba aka sa masa inji a ciki, ni kuma na ce wannan zuƙi ta malle ce, wa zai zauna ya ƙera abu mai girman haka. Har yanzu musu muke. In kuma gaskiyarsa ne to me ya sa suka daina?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiqu abokinka bai yi ƙarya ba amma rabin labarin ya ba ka. Dodon nan T. rex an ƙera shi da gaske a kamfanin wani mutum Stan Winston, tsayinsa kusan mita 6, tsawonsa daga baki zuwa jela kusan mita 12, ƙashinsa ƙarfe, fatarsa roba mai soso, abin da ke motsa shi kuma haidurolik ne irin wanda ke ɗaga bayan tifa in za ta juye yashi, sai mutane suna gefe suna sarrafa kai da baki da ido. Ka tuna wajen da yarinyar nan ta haska tocila a cikin mota dodon ya sunkuyo da kansa daidai taga, ƙwayar idonsa ta tsuke saboda haske? To wannan na ƙarfen ne, hasken gaske ne ya faɗa kan abu na gaske, ruwa na gangarowa a fatarsa, gilashin saman motar da ya danno kan yaran shi ma danno shi ya yi.

Kuma ruwan nan ya ba su wahala ba kaɗan ba, don an saita injin ne da nauyin dodon a bushe, da aka sakar masa ruwan sama na ƙarya sai soson ya sha ruwa ya ƙara nauyi, dodon ya kama karkarwa, dole a tsaya a sa ma'aikata su bi shi da tawul suna gogewa kafin a ci gaba. Amma wajen da ya fito gaba ɗayansa yana bin mota a guje, da garken nan masu gudu a fili, da mai dogon wuyan da suka fara gani yana cin ganye, duk kwamfuta ce, kamfanin ILM suka yi. A fim na sama da awa biyu dodannin ba su wuce kamar minti 15 a allo ba, na kwamfutar a ciki kusan minti 6. Dabarar daraktan fim ɗin, Spielberg, ita ce ya fara nuna maka na roba kusa-kusa har idonka ya yarda, sai ya yanka ya kawo na kwamfuta daga nesa cikin duhu da ruwa, kai kuma ka riga ka saya.

Maman_Hanan:
Ni dai ba injiniya ba ce amma a ganina yawan nuna dodon ne ke kashe shi. Shi wannan Spielberg ɗin ai a Jaws na 1975 kifin da aka ƙera masa lalacewa ya dinga yi a ruwan gishiri, aikin da aka tsara kwana 55 ya kai kwana 159, da ya ga kifi ya ƙi sai ya koma nuna ƙafafun masu wanka daga ƙarƙashin ruwa, da durom masu ruwan ɗorawa suna tafiya a saman teku, da kiɗan nan mai tayar da hankali, sai ka wuce awa guda ba ka ga kifin sosai ba amma duk ka tsure. Yanzu kuwa tunda kwamfuta ba ta lalacewa a ruwa sai a baje maka dodo tun minti biyar ɗin farko da rana tsaka, ka gan shi ka ƙare masa kallo, to tsoron me kuma ya rage.

Abba_Edita:
Hajiya maganarki haka take, amma bari in tare wa kwamfuta faɗa tunda da ita nake cin abinci. Mutane na cewa ba sa son aikin kwamfuta ne saboda mummunan kawai suke ganewa, mai kyaun wucewa yake ba su ma san an yi ba. Mad Max: Fury Road na 2015 kowa na yabonsa wai komai na gaske ne, e gaskiya motocin ƙera su aka yi aka je hamadar Namibiya aka yi ta kifar da su, amma akwai wajen shot 2,000, wato gutsattsarin ɗauka, a fim ɗin da kwamfuta ta taɓa, an goge igiyoyin da aka ɗaure 'yan wasa da su, an ƙara duwatsu, an sauya sararin sama, guguwar yashin nan gaba ɗaya zane ce. Damisar fim ɗin Life of Pi fa? Yawancin inda ka gan ta a kwale-kwale da yaron nan zane ce, kuma mutane da yawa har yau sun ɗauka ta gaske ce, wa zai sa yaro da damisa a jirgi ɗaya dama.

Sannan a daina mantawa abin gaske yana kisa. A 1982 wajen ɗaukar Twilight Zone jirgi mai saukar ungulu ya faɗo kan jarumi Vic Morrow da yara biyu saboda abubuwan fashewa da aka tayar kusa da shi, duk suka mutu. In wuta ce ko faɗowa daga bene ni gara a zana.

Abin da ke ɓata aikin kwamfuta lokaci ne da kuɗi da furodusa mai canza ra'ayi. Kamfanin da ya yi damisar nan, Rhythm & Hues, ya bayyana karyewarsa a Fabrairun 2013, 'yan kwanaki kafin aikin nasu ya ci Oscar, ka ga ke nan ko a can masu zanen a matse suke. Mu nan kam ba a magana, za a kawo maka aiki an ɗauka a gaban koren ƙyalle duk ya yamutse, fitila ɗaya, inuwar jarumi kwance a jikin ƙyallen, a ce ka sa shi yana tashi sama da wuta a hannu kuma jibi za a ɗora a YouTube, in ya fito kamar katun a ce edita bai iya ba wlh abin da ciwo.

Sadiqu_Fagge:
Kai jama'a na ƙaru, Allah ya saka. Injiniya ke nan dai abokina ya ci rabin musu ni na ci rabi, haka zan je in faɗa masa. To 'yan Indiya fa? Fim ɗin Robot na Rajinikanth da muka kalla a fassara, mutum-mutumin nan Chitti duk kwamfuta ce ko?

Injiniya_Bala:
A'a shi ma gauraye ne. Sunansa na asali Enthiran, 2010, darakta Shankar, kuma abin da zai ba ka mamaki mutanen da suka ƙera musu mutum-mutumin mai inji su ne Legacy Effects, wato yaran gidan Stan Winston ɗin nan dai da suka buɗe nasu bayan rasuwarsa a 2008. Inda ake buɗe jikin Chitti ana ganin ƙarafa kusa-kusa akwai aikinsu a ciki, amma ƙarshen fim inda ɗaruruwansa ke haɗuwa su zama maciji su zama ƙaton mutum, wannan kam ko a mafarki ba mai ƙera shi, zane ne. Fim ɗin RRR kuma tun a farko sun rubuta cewa dabbobin na kwamfuta ne.

Abba ina tare da kai a batun lokaci, amma akwai abu guda da na roba ya fi ku ko an ba ku shekara, shi ne ɗan wasa. Wanda aka ce ya kalli ƙwallon tanis a kan sanda ya yi ihu wai dodo ne, da wanda kai mai haƙora ya sunkuyo masa yana huci, ihunsu ba ɗaya ba ne, kuma ko idanunsu ba waje ɗaya suke kallo ba. Na roban matsalarsa ba ya gudu, ba ya tsalle, in ka daɗe da kyamara a kansa za ka gane motsin nan ɗaya yake maimaitawa, macijin Anaconda na 1997 ma in ka lura wani wajen a sandare yake.

Abba_Edita:
Yallaɓai ban musa ba. Ai shi ya sa yanzu masu hankali ke ƙera kan dodon ko hannunsa su kai wajen ɗauka ko da daga baya za a rufe shi da zane, don mai zanen ya ga yadda haske ke zama a jikinsa. Amma a The Thing na 2011 an biya mutane sun ƙera dodanni masu inji an ɗauka da su, daga baya masu kuɗin fim suka ce a shafe a maye da na kwamfuta, har yau masoyan na asalin na 1982 ba su huce ba. Ka ga wannan ba laifin mai roba ba ne ba na mai zane ba.

Ni shawarata ga 'yan fim ɗinmu, in aljani za ku ɓatar ku kafa kyamara a kan ƙafarta kar kowa ya taɓa, ku tsayar, ɗan wasa ya fita, ku ci gaba. Wani Bafaranshe Georges Méliès yana yin haka tun 1896 kuma har gobe ya fi wannan koren hayaƙin da kuke sa mu liƙawa.

Maman_Hanan:
Abba dan Allah ku rage ƙarar nan ta "fiuuu" ma da kuke sawa in aljanin zai ɓace, yarana dariya suke yi.