Neman shawara: manhajar waya don rubuta bayanan masu bugun zuciya

Ma'aikaciyar jinya, sashen gaggawa, Damagaram:
Assalamu alaikum. Muna so mu riƙa tattara bayanan waɗanda ake kawo mana da bugun zuciya ta waya, don a ƙarshen wata mu ga inda lokaci ke salwanta tsakanin isowar mutum da ba shi magani. Wayoyinmu Android ne, rezo kuma bai da tabbas. Wace manhaja ta dace, me za mu zuba a ciki?

Majo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ku ɗauki KoboCollect ko ODK Collect. Duka biyun suna aiki ba intanet, su aika idan rezo ya dawo. Amma zaɓen manhaja shi ne mai sauƙin. Abin da kuke nema lokuta ne guda 5: fara ciwo, isowa, ECG na farko (awon aikin zuciya da na'ura ke zanawa), shan asfirin, da fara maganin narkar da gudan jini. Ƙa'ida ita ce ECG cikin minti 10 da isowa, maganin narkarwa cikin minti 30, amfaninsa kuma yana cikin awa 12 na farko, yana raguwa da kowace awa. Sai awon tansiyo, bugun jijiya, numfashi, iskar oksijin, suga, zafin ciwo daga 0 zuwa 10, da matakin Killip (ma'aunin tsananin gazawar zuciya). Kada tambayoyin su wuce 20. Fom mai tsawo ba wanda zai cika shi da ƙarfe 3 na dare.

Mai kula da bayanai:
Malama, ga inda aka fi tuntuɓe. Manhajar tana rubuta lokacin da aka buɗe fom da kanta, amma wannan ba shi ne lokacin isowa ba, don sai ƙura ta lafa ake ɗaukar waya. A shigar da kowane lokaci da hannu, tare da kwanan wata. In ba haka ba, wanda ya iso 23:50 aka yi masa ECG 00:05 zai rikita lissafi.

Na biyu, ma'auni. A nan mun saba cewa "tansiyo 14/9", wani kuma ya rubuta 140/90. Ku tsaya kan mmHg, wato irin 140/90, ku sa wa fom iyaka ya ƙi duk lambar sama da ta gaza 50 ko ta haura 300. Haka suga: 1 g/L ya yi kusan 5,5 mmol/L, in aka gauraya su an yi aikin banza. A kuma sa ya ƙi lokacin ECG da ya riga na isowa. Duk tambayar da kuka wajabta, ku ba ta zaɓin "ba a auna ba". Wanda aka matsa wa sai ya saka lamba, ƙirƙira zai yi.

Likita:
Lokacin fara ciwo ne ya fi damuna, don a kansa ake yanke shawarar magani. Mutanenmu ba agogo suke dubawa ba. Ku tambaya da salla: kafin asuba ne, ko bayan la'asar? Ku maida shi awa, ku nuna cewa kimantawa ce, ku rubuta ko mara lafiya ne ya faɗa ko ɗan rakiya. Kada alamar ta tsaya kan ciwon ƙirji kaɗai. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata sukan zo da gumi, amai, sarƙewar numfashi ko zafin saman ciki da ake ɗauka olsa ce. Ku ƙara tambayoyi kan abubuwan da ke hana ba da maganin narkarwa: zubar jini, tiyata ta kusa, shanyewar ɓarin jiki, da ko an taɓa yi masa streptokinase, ɗaya daga cikin magungunan narkarwar. Troponin kuma, awon jinin da ke nuna raunin tsokar zuciya, a ba shi gurbi biyu, don na farko yakan fito lafiya in an ɗebi jini da wuri.

Ma'aikaciyar jinya:
Na gode, Allah ya saka. To sunan mara lafiya fa, mu saka?

Mai kula da bayanai:
A'a Malama. Lamba kawai, sunan ya zauna a rajistar takarda da ake kullewa. Ku nemi izinin shugabannin asibiti a rubuce tun farko, domin bayanan lafiya suna ƙarƙashin dokar kare bayanai da HAPDP, hukumar kare bayanan mutane ta Nijar, ke sa wa ido. Wayar sashe za a yi amfani da ita, mai lambar sirri, kuma kada a tura hoton ECG mai suna ta WhatsApp.

Majo:
Fom ɗin da aka bari ba a kammala ba baya tafiya, yana nan cikin waya, in ta ɓace ko ta lalace ya tafi ke nan. A lokacin miƙa aiki, mai karɓa ya duba adadin waɗanda ba a aika ba, ya gwada da rajista. Ku fara da gwajin mako 2, takarda da waya tare, kafin ku ƙara ko tambaya ɗaya.